Nazarin Lamari: Maƙoƙon Da Ya Ɓuya A Ƙwan Mace

Wace ce, kuma yaya take kafin ciwon

Mace ce 'yar shekara 52, haihuwa 7, shida na raye, al'adarta ta ɗauke shekara 3 kafin wannan lalura ta taso. Sana'arta koko da ƙosai a ƙofar gida, tun asuba tana gaban wuta har hantsi. Ba hawan jini, ba suga, ba a taɓa yi mata aiki ba, kuma a danginta ba wanda aka sani ya yi dajin nono ko na ƙwan mace. Wuyanta sumul yake babu alamar maƙoƙo, ku riƙe wannan don zamu dawo kansa.

Ni a lokacin ina ɓangaren hoto ne ina neman ƙwarewa, sai a wata na 6 na ciwon ta iso hannunmu, abin da ya faru kafin nan daga bakinta da bakin babbar 'yarta na ji shi, da kuma takardun da suka zo dasu a cikin leda. Ba zan ambaci gari ko asibiti ba.

Wata na 1 zuwa na 3: a gida

Abin ya fara ne da cikar ciki, ta ci loma uku ta ji ta ƙoshi, zanin da take ɗaurawa ya zagaye ta har ya yi saura sai gashi da ƙyar bakinsa ke haɗuwa. Amma kuma hannu da fuska sai ramewa suke. Akwai faɗuwar gaba da yawan gumi da rashin barci, ita ta ɗora wa wutar suya, 'ya'yanta suka ce ai shekaru ne, duk macen da al'ada ta ɗauke wa haka take ji. An je kemis an karɓo maganin olsa na sati biyu, an ƙara da na tsutsar ciki, wata maƙwabciya ta kawo jiƙo wai na kumburi ne, ta sha ta yi ta zawayi kwana uku ciki bai sauka ba. A ƙarshen wata na 3 ta daina fitowa suya saboda zama a kan kujera 'yar tsuguno ya gagare ta.

Wata na 4 da na 5: asibiti na farko

Sikanin ɗin farko layi huɗu ne kacal a takarda: ruwa mai yawa a ciki, ƙari a ƙwai na dama mai faɗin santimita 9, hanta da ƙoda lafiya, mahaifa ƙarama. Ba a faɗi yadda cikin ƙarin yake ba, ba a ajiye hoto ba. An zuƙi ruwan da sirinji, ruwan ɗorawa-ɗorawa ne garau ba jini, aka tura gwajin GeneXpert ya dawo babu tibi. Duk da haka aka ɗora ta a kan maganin tibi, dalilinsu kuwa shi ne wannan gwaji sau da yawa baya kama tibi a ruwan ciki ko da akwai shi, kuma mace mai rama da gumin dare da ruwa a ciki a yankinmu tibin ciki na cikin abubuwan farko da likita zai kawo a ransa.

Ta sha haɗin nan na magunguna huɗu, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sati 8 cur ba fashi, 'yarta ce ke bata da hannunta kowace safiya. Fitsari ya koma ja kamar yadda rifampicin ke yi, har suka tsorata sai da aka yi musu bayani. An haɗa mata da furosemide da spironolactone, magungunan sa fitsari, don rage ruwa. Sau biyu ana zuƙe mata ruwa, lita 2 sannan lita 3, kowane karo cikin kwana goma ya dawo. Nauyinta ya sauka daga kilo 61 zuwa 55 duk da ruwan da take ɗauke dashi. A ƙarshen wata na 5 numfashi ya fara yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai da matashi uku, sai aka rubuta mata takarda zuwa babban asibiti.

Wata na 6, sati na 1: zuwanta wajenmu

Hoton ƙirji ya nuna ruwa a gefen dama ya kai kusan rabin ƙirjin. Bugun zuciya 108 a minti, aka ce ai numfashin ne ya jawo. Gwajin jini na CA-125, wani sinadari da kan hau a dajin ƙwan mace, ya dawo 812, alhali iyakar da ake ɗauka lafiya 35 ne. Likitocin mata suka lissafa RMI, wato ma'aunin nan da Jacobs da abokan aikinsa suka fitar a 1990, inda ake ninka makin sikanin da makin al'ada da adadin CA-125. Ita sikanin ya bata 3, ɗaukewar al'ada ya bata 3, idan ka ninka da 812 ka samu 7,308, ga shi kuwa daga 200 ake fara zargin daji. A saman takardar neman hoto an rubuta da manyan baƙi cewa dajin ƙwan mace ne da ya yi nisa, a duba mana inda ya kai.

Ni na sake yi mata sikanin. Ƙarin ya kai santimita 10.4 a tsawo, 8.7 a faɗi, cikinsa ɗaki-ɗaki ne kamar saƙar zuma amma ɗakunan ba girmansu ɗaya ba, wani ruwansa baƙi ƙirin a allo alamar tsinkakke ne, wani kuma toka-toka kamar an dama kunu. A tsakiya akwai wani curin nama zagayayye, santimita 2.5, bayansa sumul ba tsiro ba ƙaiƙayi, ya fi sauran haske, da na kunna Dofla, wato ɓangaren sikanin da ke nuna gudun jini, sai ga jini na gudana a cikinsa sosai. Na rubuta shi a matsayin tsoka mai jini a cikin ƙari mai ɗakuna, wanda a ƙa'idojin tantance ƙarin ƙwan mace a sikanin da ƙungiyar IOTA ta fitar a 2008 jini mai yawa da ruwan ciki duk alamomin mugun ƙari ne. Tana kwance tana kallon allon ta ce min, "Likita, ɗana, me ka gani?" na ce, "Mama sai mun ƙara wani hoton tukuna." Ƙwai na hagu ƙarami ne tsumurmur kamar yadda ake tsammani a shekarunta.

An tura ruwan ciki da na ƙirji gwajin ƙwayoyin halitta, duka biyun babu ƙwayar daji. An sake turawa bayan kwana 5, haka dai.

Wata na 6, sati na 2: CT

An yi CT na ƙirji da ciki, da farko ba allura sannan aka yi allurar kwantaras, wato ruwan da ake sawa a jijiya don nama mai jini ya yi haske a hoto. A hoton da ba allura biyu daga cikin ɗakunan ƙarin sun fito da haske, na ɗora ma'auni na samu 84 da 91 a ma'aunin Hounsfield. Ga wanda bai sani ba, a wannan ma'auni ruwa sifili ne, kitse wajen 100 ƙasa da sifili, ruwan ƙari na yau da kullum bai cika wuce 20 ba, daskararren jini kuma galibi tsakanin 50 da 70 yake tsayawa. Na ga lambar ta ɗan yi sama amma na rubuta cewa jini ne ya zuba a ciki, na wuce. Babu kitse, babu haƙori ko ƙashi, sai ɗan ɗigon ƙasa-ƙasa a jikin shamaki ɗaya. Bayan allura curin nan da shamakan da ke raba ɗakunan suka ɗau haske sosai.

Sai kuma abubuwan da babu. Mayafin kitsen da ke rufe hanji, wanda ake kira omentum, a dajin ƙwan mace da ya yi nisa yakan yi kauri ya zama kamar waina, ita nata siriri ne fes. Tantanin ciki ba ƙuraje, ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki ba komai, kaluluwa ba ta kumbura ba a ko'ina, hanta da huhu ba tabo. Na lissafa duk wannan a rahoto, amma a layin ƙarshe na rubuta cewa hoton ya fi kama da dajin ƙwan mace.

Kwana 9 bayan CT bugun zuciyarta ya haura 124, hannu na rawa, ta ce ji take kamar ana kaɗa ganga a ƙirjinta. An yi gwajin zuciya ba a ga komai ba sai sauri. An zuƙe ruwan ƙirji lita 1, numfashi ya yi sauƙi, bugun bai sauka ba.

Wata na 6, sati na 4: zaman likitoci

A zaman aka rabu biyu. Wasu suka ce a fara kemo, carboplatin da paclitaxel zagaye uku, a rage ƙarin sannan a yi aiki, tunda ta yi rauni kuma ga ruwa har ƙirji. Wasu suka ce ba za a sa wa mutum kemo ba alhali sau biyu ana neman ƙwayar daji a ruwa ba a samu ba. Aka kawo shawarar a tsira allura a ɗebo nama, likitan mata ya ƙi, don idan daji ne da bai fashe ba huda shi na iya watsa shi a ciki. Shugabar sashenmu ce ta ce a yi MRI. Kuɗin sai da aka yi kwana 12 ana haɗa shi, ɗanta na biyu ya sayar da babur ɗinsa.

Wata na 7, sati na 2: MRI

A nan zan daɗe don nan ne lamarin ya juya.

Na buɗe hotunan T2, wato nau'in hoton MRI inda ruwa ke fitowa fari. Ruwan ciki fari tas, yawancin ɗakunan ƙarin fari ko toka-toka, kowanne da nasa launin, irin abin da littattafan hoto ke kamantawa da tagar gilashi mai launi-launi. Amma ɗakuna biyu baƙi ne wuluk, sun fi tsokar jiki duhu, kuma da na jera su da CT sai na ga ai su ne dai waɗanda suka bani 84 da 91. A T1, wani nau'in hoton MRI ɗin, waɗannan biyun tsaka-tsaki suke, ɗan haske kaɗan, ba irin farin da jini ke yi ba. A hoton da ake danne kitse babu abin da ya dushe, kenan ba kitse. Bayan allurar gadoliniyam, wato kwantaras ɗin MRI, curin naman ya ɗau haske da wuri kuma da ƙarfi, shamakan ma haka har suka yi kamar saƙar leshi, amma baƙaƙen ɗakunan nan biyu ko gezau, ba su ɗau komai ba.

Na kira shugabarmu na ce, "Ranki ya daɗe, ga wani abu na kasa ajiye shi a ko'ina." Ta zauna, ba ta karɓi takardar neman hoton da na miƙa mata ba, ta ce in ajiye tukuna. Sai ta fara tambayata ɗaya bayan ɗaya me ke yin baƙi a T2 a ƙwan mace. Na ce faibiroma da tekoma da ƙarin Brenner, saboda nama ne mai tauri mai zare-zare. Ta ce to su nama ne, ko a hankali ne sai sun ɗau allura, wannan ya ɗauka? Na ce a'a. Na ce tsohon jini, kamar na endometiriyoma, wato ƙarin ƙwai mai cike da tsohon jini. Ta ce shi a T1 yaya yake? Na ce fari sol. Ta ce wannan fa? Na yi shiru. Na kawo ƙari mai majina, tunda shi ma yana yin ɗaki-ɗaki launi daban-daban kuma majina mai kauri tana iya yin duhu, ta ce wannan kam yana cikin lissafi kar in cire shi, amma in duba curin nan da ke shan allura kamar soso, a cikin ƙarin da bayansa sumul, in haɗa da hasken CT. Sannan ta ce, "Ruwa ne mai kauri kamar ɗanƙo, yana haske a CT ba tare da allura ba. Wace gaɓa ce a jikin mutum take haske a CT tun kafin ka yi allura?"

Tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tana haske ne saboda aidin ɗin da take tarawa a cikin wani ruwa mai yauƙi da ake kira koloyid. Wallahi sai da na ji kunya, don a CT ɗin ƙirjin da na karanta da kaina sati huɗu baya ƙasan wuyanta ya fito, tayirod ɗinta na nan tana haske iri ɗaya da ɗakunan.

Sunan ƙarin struma ovarii, ma'anarsa kusan maƙoƙon ƙwan mace. Dangin teratoma ne, irin ƙarin da ke tasowa daga ƙwayar haihuwa wanda kan fito da gashi da kitse da haƙori, sai dai shi wannan fiye da rabinsa naman tayirod ne. Boettlin ne ya fara bayyana shi a 1889. Bai cika wuce 1 cikin 100 na ƙarin ƙwan mace ba, kuma kusan 3 cikin 100 na teratoma. Mafi yawansu ba daji bane. Curin nan mai sumul da na gani a sikanin har suna gare shi a wajen masu hoto, lu'ulu'un struma suke ce masa. Kashi kaɗan na masu shi, wajen 5 zuwa 8 cikin 100, ƙarin kan yi aiki har sinadarin tayirod ya yi yawa a jini.

Rahoton da muka fitar ya sa struma ovarii a farko, ƙari mai majina a na biyu, muka nemi a auna tayirod kafin a taɓa ta da wuƙa.

Wata na 7, sati na 3 zuwa wata na 8: shiri

TSH, sinadarin da ke sauka idan na tayirod ya yi yawa a jini, ya dawo 0.02, inda lafiyayye ke tsakanin kusan 0.4 da 4, T4 kuma, wato sinadarin tayirod ɗin kansa, ya ninka iyakarsa ta sama kusan sau biyu. Sikanin wuya ya nuna tayirod daidai girmanta, ba ƙulli, jininta ba yawa. An yi maganar hoton aidin mai haskawa wanda zai nuna ƙarin na zuƙar aidin a ƙugu, amma a wajenmu babu, sai an yi tafiya, ga kuɗi sun ƙare, ga kuma kwantaras ɗin CT da muka yi mata shi kansa aidin ne mai yawa, yakan cika jiki ya hana wannan hoton fita da kyau na tsawon makonni. Aka bar shi.

An tsayar da maganin tibi. An fara carbimazole mai rage sinadarin tayirod da propranolol mai sassauta bugun zuciya, domin yi wa mai yawan sinadarin tayirod aiki ba shiri na iya tayar da abin da ake kira guguwar tayirod, zazzaɓi mai zafi da bugun zuciya ba kai, kuma tana kisa. Likitan sa barci ya ce ba zai karɓe ta ba sai bugun ya sauka ƙasa da 90. Sati 4 aka ɗauka, ya sauka 84. A tsakani an ƙara zuƙe ruwan ciki sau ɗaya.

Wata na 8, sati na 3: tiyata

An buɗe ta tsaye a tsakiya, shirin aikin daji, don hoto ba ya yanke hukunci. Ruwa lita 4 aka kwashe. Ƙarin na dama ne, bayansa santsi, bai manne da komai ba, aka ciro shi bai fashe ba. An cire mahaifa da ƙwai biyun tunda ta wuce haihuwa, aka yanki omentum da ɗan tantanin ciki don gwaji. Na roƙi a bar ni in shiga in gani. Da aka tsaga ƙarin a tire, ɗakunan nan biyu cike suke da wani abu ruwan ƙasa mai ɗan kore-kore, yana sheƙi, idan ka ɗaga shi da ƙarfe sai ya biyo kamar zumar da ta kwana a sanyi. Curin kuma nama ne ja-ja mai laushi.

Sakamakon gwajin nama ya fito bayan kwana 16: ƙananan buhunan tayirod cike da koloyid, babu alamar daji a ƙwayoyin, omentum da tantanin ciki lafiya, ba tibi.

Bayan aiki: sati na 1 zuwa wata na 6

An tsayar da carbimazole bayan aikin, propranolol kuma aka janye shi a hankali. An sallame ta kwana na 7. A sati na 3 hoton ƙirji ya nuna ruwan ya tafi ba tare da an sake zuƙa ba. A sati na 8 CA-125 ya sauka 21, TSH ya dawo 1.6. A wata na 6 bayan aiki sikanin ba ruwa ko ɗigo, nauyinta kilo 60, ta koma suya. Ba a yi mata kemo ko sau ɗaya ba. An ce ta riƙa zuwa ana dubawa.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Maganin tibin bai yi ba don babu tibi, kuma ni ban ga laifin wanda ya kawo tibi a ransa ba, inda aka yi sake shi ne ƙari mai santimita 9 na zaune a takarda tun ranar farko aka bar shi ba mai bayaninsa har sati 8. Maganin fitsari da zuƙar ruwa kuwa kwasar ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo.

CA-125 ne ya fi ruɗa mu. Tun da Robert Bast da abokan aikinsa suka gano shi a 1981 an san ba na daji kaɗai bane, tantanin ciki da na ƙirji suna fitar dashi duk lokacin da wani abu ya dame su, shi yasa yake hawa a tibin ciki da ciwon hanta da ciwon zuciya. Ita ruwan ne ya ɗaga shi. RMI kuma ninki ne kawai, ka bashi babbar lamba ya baka wadda ta fi ta. Haɗuwar ƙari marar daji da ruwan ciki da ruwan ƙirji da ke tafiya da kansu idan an cire ƙarin, Joe Vincent Meigs na Boston ya bayyana shi a 1937 a kan faibiroma, idan wani ƙarin ne daban kamar wannan sai a ce mai kama da na Meigs. Ruwan daga ciki yake hawa ƙirji ta ƙananan kafofin tantanin da ke tsakani, kuma ya fi zuwa dama, kamar nata.

Nawa kuskuren biyu ne. Na auna 84 da 91 da hannuna na kira su jini saboda na riga na karanta kalmar daji a saman takarda, kuma na lissafa omentum fes, kaluluwa fes, ƙwai na hagu fes, sannan na rufe rahoto da abin da ya saɓa musu. Na biyu, mace mai rama da gumi da bugu 108 mun yi mata allurar aidin ba wanda ya auna TSH, ni ina ganin ita ce ta ƙara wa ƙarin makamashi har bugun ya kai 124, don naman tayirod mai cin gashin kansa haka yake yi idan ya samu aidin da yawa. Gwajin TSH bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin MRI ba.

MRI ya yi aiki ne saboda ya raba abu uku da sikanin da CT suka cakuɗa: ya nuna baƙin ɗakin ba nama bane tunda bai sha allura ba, ba jini bane tunda bai yi fari a T1 ba, ba kitse bane tunda bai dushe ba. Amma ko shi bai isa ya ce babu daji a ciki ba, struma mai daji da marar daji suna iya kama da juna a hoto, shi yasa aka yi aikin da cikakken shiri kuma aka jira gwajin nama kafin a yi wa iyalinta albishir. Ranar da aka gaya musu, 'yar ta tambaye ni ko za a iya bata hoton MRI ɗin ta ajiye, na tura mata guda ɗaya a waya, na T2, wanda ɗakunan biyu suka fito baƙi.